Na kasa daina cin abincin waje, ku ban shawara

Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Ina aiki a wani shago ta wajen Ahmadu Bello Way, gida kuma Rigasa, kafin in fita go-slow in isa gida dare ya yi, to hanya kawai nake tsayawa wajen mai shayi a haɗa min indomi da ƙwai, in albashi ya shigo kuma shawarma ce da lemon kwalba mai sanyi. Da can da safe koko da ƙosai ne, rana shinkafa da wake, dare tuwo a gida, yanzu wallahi sai in yi sati ban ga miyar kuka ba.

An gwada ni a asibiti aka ce jinina ya fara hawa, likita ya ce in rage gishiri da soye-soye, wai Hukumar Lafiya ta Duniya ma ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce a rana, ni kuwa mai shayina sai ya zuba sinadarin cikin leda duka ya ƙara dunƙulen magi a kai.

Na gwada dafa wake ranar Lahadi in sa a firij, wuta ta ɗauke ya yi tsami. Na gwada tafiya da kula shago, abokan aiki suka sa ni a gaba wai na zama ɗan makaranta, wannan dai bai dame ni ba, tashin asuba a yi girkin ne ya gagara.

Gwauraye irina, me kuke ci da dare wanda ba ya buƙatar firij? Kuma a hankali ake ragewa ko lokaci ɗaya ake yankewa?