Neman kalma: me za mu kira "difaranshiyal" na bayan mota?

Mai Shiri: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shirin direbobi a rediyo ranar Asabar, kuma gobe Alhamis kafin la'asar zan miƙa rubutun. Maganar ita ce yadda mai a-kori-kura irin Hilux zai gyara bayan motarsa ta daina kafewa a laka da yashi, tunda damina ta kankama. Kalmomi 3 suka tsaya mini. Na farko, abin nan da ke tsakiyar aksul na baya, wanda Turawa ke kira difaranshiyal. Na biyu, irinsa da ake kullewa. Na uku, wanda ba ya kullewa gaba ɗaya amma yana hana taya ɗaya ta riƙa juyi ita kaɗai. Ba na so in kwashe minti 30 ina Turanci da bakin Hausa. A taimaka don Allah.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Mu a gareji aksul kawai muke cewa. "Aksul ɗin baya yana kuka." Duk direba ya san abin da ake nufi.

Injiniya: Oga, aksul ai duk abin ne daga taya zuwa taya. Shi wannan a cikin tukunyar tsakiya yake. Farfela, wato doguwar sandar nan ta ƙarƙashin mota, ita ce ke kawo juyi daga giyabos, ƙaramin giyan bakinta ya juya babban giya, a cikin babban kuma akwai 'yan ƙananan giyoyi da ke raba juyin ga tayoyin biyu. Amfaninsa a kwana ne: tayar waje tafiyarta ta fi tsawo, dole ta fi ta ciki gudu. Aibinsa kuwa, ƙarfi iri ɗaya yake bai wa kowace taya. In ɗaya ta faɗa laka, ƙarfi kaɗan ya isa ya juya ta, to ita ma wadda ke kan busasshiyar ƙasa wannan kaɗan ɗin za ta samu. Sai ka ga taya ɗaya tana ta watsa taɓo, ɗayar tana tsaye, mota ko motsi. Ina ganin a ce "mai raba gudu".

Malamin Hausa: Injiniya ya kawo bayani, bai kawo suna ba. Sunan kayan aiki a Hausa yana da tsarinsa: ma- a gaba, -i a ƙarshe. Mabuɗi, madubi, magogi, masassabi. Tushen kalmar Turawan bambanci ne, saboda haka sunansa MABAMBANCI. Na daɗe da ƙirƙiro ta, ina kuma koya wa ɗalibaina.

'Yar Zazzau: Malam, da girmamawa, mabambanci tana da mai ita. In an ce "ra'ayi mabambanci" ko "mabambantan mutane", kowa ya san wanda ya sha bamban ake nufi. Mai sauraro ya ji "mabambancin motarka ya lalace", zai tsaya yana jiran a gaya masa mabambancin me. In tsarin ma- za a bi, a ɗauko daga raba: marabi. Marabin gudu.

Malamin Hausa: Hajiya, kalma ɗaya tana ɗaukar ma'ana biyu. Wuya nawa gare mu? Baki nawa? Kuma marabi ta yi kusa da maraba.

'Yar Zazzau: Kusancin ma alheri ne, Malam. Ba muna cewa "ba su da maraba" ba, wato babu bambanci tsakaninsu? Ka ga rabo da bambanci duk sun shiga ciki.

Direban Agadas: Salamu alaikum. Mu nan Nijar "pon" muke ce ma shi, daga Faransanci. Ku kullum in kun tashi zancen kalma sai ku yi kamar Hausa ta ƙare a Jibiya. Rediyonku muna jin shi har Maraɗi. Ni hanyar Agadas zuwa Dirku na yi shekaru ina bi, kuma abin da zan ce ma mai shiri shi ne kar ya manta da rage iskar taya. A rairayi wannan ne farko, kafin a zo ga kulli.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Gaskiyarka ɗan'uwa. Kuma a bambanta kullin da taimako. Taimako tayoyin gaba yake haɗawa da na baya. Mota tana iya kasancewa a taimako ta kafe, in taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya sun rasa riƙo. Yara da yawa ba su san haka ba.

Malamin Hausa: To ga shi nan. Wannan ya ce aksul, wancan ya ce pon. Ɗaya bawan Ingilishi, ɗaya bawan Faransanci. Shekara 60 da ɗoriya da samun 'yanci, ƙarfen da ke ƙarƙashin motarmu ma sai mun aro sunansa? Wa ya ce mana intanet dole? Ba ga yanar gizo ta zauna daram ba?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Malam, kalmar bawa ta yi nauyi. Shekarata 27 ina kwance a ƙarƙashin mota, da Hausa nake koya wa yarana aiki, da Hausa nake ciniki. Mota, taya, birki, sitiyari, duk kai ma su kake faɗa. Ku malamai sai ku zauna a ofis ku ƙera kalma, ba wanda ya taɓa takowa gareji ya tambaye mu me muke cewa. In yaro ya je kasuwa ya ce a ba shi mabambancin Hilux, hannu biyu zai dawo.

Malamin Hausa: Ban yi nufin cin fuska ba, Allah ya huci zuciyarka. Amma in masu ilimin harshe ba su ƙera ba, wa zai ƙera?

Direban Agadas: Wanda ya ce "a-kori-kura" ai ba a jami'a ya zauna ba.

Wani Ɗalibi: Ni da za a ji tawa, a ce "rabau", kamar gagarau da jimrau. Gajeriya ce, ta fi daɗin faɗa a rediyo.

Mai Shiri: Jama'a, don Allah lokaci. Saura biyun fa?

Injiniya: Na biyun ba wuya: mai makulli. In an kulle, tayoyin biyu gudu ɗaya suke yi, ko da ɗaya tana reto a sama. Akwai na iska irin na ARB, kamfanin Ostireliya, wanda ke buƙatar kwamfireso, akwai na lantarki irin ELocker na Eaton, maɓalli kawai za ka danna. Detroit Locker kuma da kansa yake kullewa ya saki. Ka jaddada cewa ba a kulle shi a kan kwalta: mota za ta ƙi kwana, taya ta cinye, sandar aksul ma tana iya karyewa. Na ukun iri-iri ne. Akwai mai faifan kuloci a ciki, wanda faifan ke cinyewa a hankali kuma yake son mai na musamman, akwai mai giyoyi zalla irin Torsen da Truetrac. Ga wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce, sai jefi-jefi ya shiga gona, wannan ya fi masa. Na kira shi "mai rage zamewa".

'Yar Zazzau: Zamewa ta fi kama da mota ta sulale gefe a kan santsi. Nan kuwa taya ce ke juyin banza a wuri ɗaya. "Mai rage juyin banza" ya fi faɗin gaskiyar abin.

Injiniya: Ya fi daidai, amma ya yi tsawo.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Ku dai ku daidaita. Abu biyu nake roƙo a faɗa a shirin. Wasu suna kai mota a yi wa ƙananan giyoyin nan walda don su huta da sayen makulli. Wannan kulli ne da ba ya buɗewa har abada, kuma na sha ganin sandar da ta tsinke saboda shi, da kaya a bayan mota. Na biyu, wanda ya sa manyan tayoyi ya ga mota ta yi nauyin tashi, har zai canja giyoyin, ya ƙirga haƙora. Babba mai 41 da ƙarami mai 10 shi ne 4.10, wato ƙaramin ya juya sau 4.10 kafin babban ya juya sau ɗaya, in ƙaramin 9 ne ya zama 4.56. In motar mai taimako ce, dole na gaba da na baya su zo ɗaya, in ba haka ba za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya fashe.

Mai Shiri: Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan rubuta: "marabin gudu, wato abin da ke cikin tukunyar aksul, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira pon". Sau ɗaya zan yi wannan bayani, daga nan in ci gaba da marabi. Na biyu, marabi mai makulli. Na ukun zan ce mai rage juyin banza a karon farko, in ga ko masu bugo waya za su ba mu wadda ta fi ta.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Ba laifi. Amma ka sani mu aksul za mu ci gaba da cewa.

Malamin Hausa: Marabi ta bi ƙa'ida, wannan kam ban musa ba. Ban dai janye mabambanci ba, kuma ita zan ci gaba da koyarwa. Ka turo mana lokacin shirin, zan bugo waya.