Ranar da kuka fara karanta wa yara labarin da kuka rubuta da hannunku

Uwar Biyu, unguwar Zariya

Salama gare ku ƴan'uwa cikin Ubangiji. Shekara huɗu ke nan ina riƙe da ajin ƙanana a makarantar Lahadi a nan Maraɗi. Littattafan da muke da su na Faransanci ne, sai ƴan tsofaffi na Hausa da aka kawo daga Jos tun kafin in zo, duk sun yayyage. Shi ya sa na ce bari in rubuta nawa. Na ɗauki misalin ɓatacciyar tunkiya na Luka 15, na yi kwana biyar ina gyara, ya cika shafi uku. Lahadin da ta wuce na karanta musu. Ban kai tsakiyar shafi na biyu ba suka fara mintsinin juna, ɗaya ta ce fitsari take ji, biyar suka bi ta waje. Na koma gida zuciyata a dagule, har abinci na kasa ci. Na san a cikinmu akwai waɗanda suka daɗe a wannan aiki. Don Allah ku faɗa mini yadda taku ranar farko ta kasance, da abin da kuka sake bayanta.

Mushe Mai Ritaya, Ali Ɗan Sofo

Ƴata, kada ki karaya. Ni na yi shekara talatin da alli a hannu, amma ranar da na raba wa yaran majami'armu labarina na farko na ga abin da ban taɓa tsammani ba. Na yi musu fotokofi, kowa da takardarsa, na ce wani yaro ɗan aji biyar ya tashi ya karanta. Inda na rubuta "gida" ya ce "jida". Inda na rubuta "ciki" ya ce "siki". Da ya iso kan ɗ da ƙ sai ya tsaya cak yana kallona. Yaron nan Hausa ya sha a nono, amma a lakwal da ƙa'idar Faransanci aka koya masa haɗa baƙi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, amma yawancin yaranmu ba ta can suka bi ba. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, muna addu'a abin ya sauko har cikin aji. Kafin nan, ni minti goma na farkon kowace Lahadi na ba wa baƙaƙe: c, g, u, da masu lanƙwasa. Cikin wata uku suka fara karanta layi da kansu.

Inna ta Bagalam

Jikata ce ke rubuta mini a waya, idanuna sun yi rauni. Uwar Biyu, ki matso ki ji.

A wani ƙauye kusa da Tsibiri aka haife ni. Ƴan mishan na SIM sun zauna a Tsibiri tun 1927, amma bishara ba ta wannan ƙofa ta shigo gidanmu ba. Babana kuturta ta kama, aka kai shi Danja, inda aka buɗe asibitin kutare a 1956. Ya dawo da yatsu uku a hannun dama da Littafi Mai Tsarki a cikin burgami, tsohuwar fassarar nan ta 1932. Da waɗannan yatsun yake bin layi yana nuna mini baƙi. A wannan littafi na koyi karatu, ban taɓa zama a bencin lakwal ba. Da dare kuma kakata, wadda har ta mutu ba ta bar al'adar iyayenta ba, ta tara mu a bakin murhu da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. A wurin babana na sami abin faɗa, a wurin kakata na sami yadda ake faɗa.

Labarina na farko a yunwar 1984 na rubuta shi, wadda muke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da aka yi a lokacin. Muna Maraɗi, na yi aure, ina da goyo. Yara suna zuwa majami'a da ciki wayam, wasu barci suke a kan tabarma don rashin ƙarfi. Na sayi kaye, wato littafin rubutu, da bik, na rubuta labarin Yusufu da rumbunan Fir'auna: shekara bakwai na ƙoshi, shekara bakwai na yunwa. Ban ce alkama ba, na ce hatsi. Na sa Yusufu yana zagaya rumbuna yana ƙirga damma, kamar yadda suka saba ganin iyayensu suna yi bayan kaka.

Ranar da na karanta ba wanda ya motsa. Da na gama, wata yarinya mai kamar shekara shida ta ɗaga hannu ta ce, "Inna, yaushe Yusufu zai aiko mana namu?" Bakina ya mutu. Na rufe kaye na fita bayan ɗaki na yi kuka. Da yamma na je wurin shugabar zumuntar mata na gaya mata, muka bi gida gida muna karɓar ko tiya ɗaya ko rabi, Lahadi mai zuwa aka dama wa yaran kunu kafin labari. Mun yi haka har ruwa ya sauka. Tun daga ranar nan ban sake rubuta layi ba sai na tambayi kaina abin da yaron da ke gabana zai tambaye ni, da ko ina da amsar ba shi.

Daga baya na rubuta da yawa, kaye goma sha ɗaya. Wani fasto ya buga wasu da injin sitansil aka rarraba ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji, ba sunana a kai, ban kuma nema ba. Ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024 da ya rushe gidaje a garin nan ya shiga ɗakina, akwatin yana ƙasan gado. Kaye huɗu suka tsira, sauran tawada ta narke ta zama shuɗin ruwa. Na yi baƙin ciki ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma da labari ya bazu, sai ga magidanta masu furfura, yarana na da, suna zuwa gaishe ni, wani ya zauna a bakin ƙofa ya kawo mini labarin Yunusa tun daga farko har ƙarshe, da kalmomina. Jikata na ɗauka a waya. Da haka muka maido da bakwai.

Shafi uku ya yi wa ƙanana yawa, ƴata. Ki mai da shi ɗaya. Ki sa waƙa ko wata ƴar magana da za su riƙa amsawa, kamar yadda ake yi a tatsuniya. Kuma ki karanta wa tagwayenki tukuna, inda suka waiwaya, nan ne za ki yanke.

Ɗan Tsibiri

Inna, Allah ya ƙara muku lafiya, ni ma ɗaya daga cikin yaranku ne, na sha kunun nan. Sai dai ina da ja a kan zancen tatsuniya, kuma daga abin da ya same ni ne. Labarina na farko na Dauda da Goliyat ne, na buɗe shi da "ga ta nan ga ta nanku" don in jawo hankalinsu. Sun amsa da murna, labari ya yi daɗi. Ina rufe baki wani yaro ya ce, "Ƙurunƙus! Ba don Gizo ba da ka yi ƙarya." Aji ya fashe da dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Yaron bai yi laifi ba, ni na buɗe masa da ƙofar tatsuniya, shi kuma ya rufe da ita. A ransa Dauda da Gizo sun zama ɗaya. Dattawan ikilisiya suka kira ni suka yi mini faɗa, kuma da gaskiyarsu. Yanzu in labarin daga Littafi ne, Littafin nake riƙewa a hannu in nuna musu sura da aya kafin in fara.

Inna ta Bagalam

Ɗana, maganarka dutse. Ni ma ban taɓa haɗa su ba. Kayen labaran Littafi dabam, na waɗanda na ƙaga da kaina dabam, kuma nakan gaya musu, "Wannan Inna ce ta tsara shi." Salon kakata na ara, amsa-amsa da maimaici, ban ari mabuɗinta ba.

Baban Salama, Sura Bildi

Tawa matsalar ba a aji ta faru ba, a wurin bugawa ne. Na tara labarai takwas, ni da matata muka yi adashi muka haɗa jika sittin. Niyyata in kai Kano, sai aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023, dole na ba wani mai buga takardu a nan gari. Ban nemi ganin gwaji ba, wannan kuskurena ne. Da na je ɗauka, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ yake ya koma ɗan akwati, kwamfutarsa ba ta san baƙaƙen ba. Ya ce ai masu karatu za su gane. Kofi ɗari biyu. Muka yi mako biyu ni da matata da ƙanena muna bin su da bik baƙi muna gyarawa harafi harafi, har yatsu suka yi kanta. Duk mai son bugawa ya kai aikinsa a PDF, ya kuma ce a fitar masa da shafi ɗaya ya gani da idonsa kafin ya biya.

Abin da ya faranta mini rai shi ne zane. Da can hotunan da muke nuna musu na turawa ne, har wata yarinya ta taɓa tambayata ko Yesu anasara ne. Sai na sami wani saurayi mai zanen allunan shaguna, na ce ya zana mini makiyayi da malfa da sanda a kafaɗa, tumaki irin namu, da jar akuyar Maraɗi a gefe. Da na buɗe shafin a aji, yara suka taso suka rufe ni, kowa na cewa akuyar gidansu ce.

Ƴar Mokoyo

Ni ban kai ga takarda ba. Ina rubutawa a waya in karanta da murya in tura wa iyaye ta WhatsApp, minti uku ba ya wucewa. Farkon da na gwada a tsakar gida, yaran maƙwabtanmu Musulmi suka shigo suka zauna. Ban ci gaba ba sai da na je na gaya wa iyayensu mata irin labaran da nake bayarwa. Biyu suka ce ba komai, ɗaya ta ce ta fi so nata su tsaya gida, na ce to. Har yau muna aron turmi da juna.

Uwar Biyu, unguwar Zariya

Na dawo da labari, na gode muku duka. Inna, na yi yadda kuka ce. Na karanta wa tagwaye ranar Alhamis, na yanke duk inda suka waiwaya, shafi ɗaya ya rage. Na riƙe Littafin a hannu na nuna musu Luka 15 kamar yadda Ɗan Tsibiri ya faɗa. Na sa makiyayi yana kira, "Ina kike, ƴar tunkiyata?" su kuma su amsa, "Ba ta nan!" Ya duba bakin gulbi, ba ta nan. Ya duba cikin karan gero, ba ta nan. Da ya same ta a cikin ƙaya, ajin ya ɗauki ihu har fasto ya leƙo ta taga. Yarinyar da ta fara fita wancan makon ta riƙe mini zane ta ce, "Malama, su tis'in da taran wa ya tsare su da ya tafi?" Na ce ta bari sai Lahadi. Baba Mushe, Inna, me zan ce mata? In Allah ya yarda ranar Laraba bayan taron zumunta zan biyo Bagalam da kayena.