Watannin da aka yanke sabis aka rufe kasuwanni a Zamfara: wa ya fi ji a jikinsa?

Mai buɗe zance, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tuna dokokin tsaron da aka kafa mana a Satumbar 2021. Bayan sace ɗalibai a Maradun aka rufe makarantu, ranar 3 ga wata kuma aka yanke layukan waya a duk ƙananan hukumomi 14, da farko wai na mako biyu. A daidai lokacin an dakatar da kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, an hana shiga da fita da dabbobi a mota, babur kuma ba ya yawo da dare. Mu na Gusau sabis ya dawo mana ranar 1 ga Oktoba, sauran wurare sai ƙarshen Nuwamba. Ba gardamar siyasa nake nema ba. Kowa ya faɗi abin da ya same shi, don ni a ganina dokar ɗaya ce a takarda, amma nauyinta bai sauka a kan kowa daidai ba.

Mai injin markaɗe, Bakura:
Wa alaikumus salam. Malam, ni jarkar nan ce ta karya ni. Wanda ya rubuta dokar, mota da babur kawai ya tuna. Inji na a kafe yake a zaure, an zuba masa siminti a ƙafa, ta yaya zan ɗauke shi zuwa gidan mai? Mai mota sai ya shiga a cika masa, ni da nake son lita biyu in markaɗa wa mata waken ƙosai an ce ni ce mai laifi. Dabarar da muka koma, ƙanena ya je ya bi layi a zuba masa a babur, ya dawo gida mu sa tiyo ya zuƙa da baki mu tsiyaye a kwano. Har amai ya yi wata rana. Matan da ke kawo mini markaɗe da yawa suka koma dutsen niƙa, wasu suka daina suyar gaba ɗaya, kuma da kuɗin ƙosan nan ake cefane a gidajensu.

Ɗan kasuwa, Shinkafi:
Hajiya, Allah shi ba da haƙuri. Mu nan kasuwa ita ce gona, ita ce banki. Da anka rufe ta, manomi ba shi da inda zai kai gero ko akuya a yi mashi tayi. Sai mai kuɗi shi biyo ka har gida, shi yanka maka farashin da ya ga dama, kai kuma ga yaro kwance ba lahiya, dole ka sallama. Babu waya balle ka tambayi nawa buhu yake a wani gari. Masu shago cikin gari ba su rufe ba, ciniki ma ƙaruwa ya yi masu. Mu masu shimfiɗa buhu a ƙasa ranar kasuwa mu anka kora.

Mai POS, Tsafe:
Ni a dare ɗaya aka mayar da ni marar aiki. Na'urar na hannuna, ba ta da amfani. Da farko Funtuwa muke zuwa, mu tara katunan mutane da saƙonninsu a leda, ba a jima ba ita ma aka yanke mata, sai Zariya. Ku lissafa kuɗin mota, ga hanyar ita kanta abin tsoro. Tsoffin da 'ya'yansu ke aiko musu kuɗi daga Legas ko Fatakwal su suka fi ba ni tausayi, kuɗi na cikin asusu, su suna gida babu na omo.

Malamin makaranta, Gusau:
Ku yi mini afuwa, amma a faɗi ɗaya ɓangaren. Makonnin farko an ji sauƙi. Infoma ya rasa yadda zai kira daji, mai ya yi wa ɓarayin wuya, har muka riƙa jin suna neman abinci a madadin kuɗin fansa. Gwamnati ta rasa yadda za ta yi ne, ana kashe mutane kullum. Da me kuke so ta fara?

Ɗan kasuwa, Shinkafi:
Malam, ba mu ce kar a yi komai ba. Amma kai wata guda ka yi, mu kusan uku. Kuma wajenmu kusa da iyaka, wanda ke da layin Nijar yana hawa tudu shi yi kira lahiya lau. Kana ganin ɓarawon da ke da miliyoyi zai rasa wannan layin? Wanda ya rasa shi ne mutumin ƙauyen da anka shigo masu da dare, babu yadda zai sanar da kowa. Sai da safe wani shi tako da ƙafa shi kawo labari.

Bafulatana mai tallan nono, yankin Maru (ɗanta ya rubuta mata):
Inna ta ce in rubuta haka. Mu abu biyu aka haɗa mana: ɓarayi sun kore mana shanu, ragowar kuma an hana mu kai su inda za su yi daraja. Ranar kasuwa take sayar da nono da man shanu ta sayo hatsi, da aka rufe sai nonon ya yi tsami a ƙwarya. In ta shigo gari ta sayi tiya biyu na gero sai a tare ta, wa za ki kai wa? Ta ce wanda ya zo da mota ya loda buhu ba ta ga an tambaye shi haka ba.

Ma'aikaciyar jinya, Kauran Namoda:
Abin da ban ga an tanada ba shi ne haihuwa. Naƙuda ba ta san ƙarfe shida ba. Mace a ƙauye jini ya ɓalle mata da dare, babu waya, babur haramun ne, mota kuma babu. Ana kawo mana su da hantsi a amalanke, sun riga sun galabaita. Da an ware wa masu ɗauko marar lafiya wata takarda daga mai gari, da an rage.

Mai buɗe zance, Gusau:
Anti, wannan batun takardar mai gari ya kama hankalina, don ita ma mai injin da ta ishe ta: a san ta, a san litar da take sha a mako, a ba ta. Mutanen Gummi da Bukkuyum da Anka, har yanzu ba mu ji daga gare ku ba. Masu injin ban ruwa na Bakolori ma, ku da kuka shiga shirin noman rani dokar jarka na nan, yaya kuka yi da mai?