Shin kananzir ko ashana na fitar da kaska daga jikin mutum?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Muna kiwon shanu da tumaki a gida, kuma idan damina ta sauka kaska takan yi yawa har ta kama yara, musamman a bayan kunne da hammata. Wasu sun ce a ɗiga mata kananzir ko a shafe ta da basilin har ta saki da kanta, wasu kuma sun ce a ɗora mata ashana mai zafi. Wanne ne daidai?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Malam. Babu ko ɗaya da ya dace. Bakin kaska yana da ƙayoyi masu kama fata, kuma numfashinta kaɗan ne ƙwarai, saboda haka tana iya daɗewa a ƙarƙashin basilin ba ta saki ba, alhali kowane jinkiri ƙarin dama ne ga ƙwayoyin cutar da ke cikin yawunta su shiga jini. Ashana kuwa fatar yaron za ta ƙona. A sami hantsaki mai siririn baki, a kama ta dab da fata, a ja sama a hankali ba tare da fizga ko murɗawa ba, sannan a wanke wurin da ruwa da sabulu.

Dattijo makiyayi: 'Yata, mu dai mun taso ana cewa idan kanta ya karye a ciki, wata kaskar za ta tsiro.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, ba ta tsirowa. Abin da ke saura guntun baki ne, kuma idan bai fita da sauƙi ba, gara a bar shi fata ta fitar da shi da a tona wurin da allura.

Likitan dabbobi: Abin da ya fi damuna shi ne murƙushe kaska da farce bayan an cire ta daga jikin saniya, domin jinin da ta sha zai taɓa hannu. Wani zazzaɓi mai sa zubar jini da ake kira na Kirimiya da Kwango, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu, yana yaɗuwa ta cizon kaska da taɓa jinin dabbar da ta kamu, kuma an sami ɓullarsa a Sudan da Senegal da Muritaniya. Malam, idan yaro ya yi zazzaɓi ko baƙin ɓawo ya fito inda aka cije shi, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita cewa kaska ta cije shi, domin kada a tsaya ga maganin maleriya kaɗai.