Neman shawara: ƙoƙon azurfar Rasha da muka tarar cikin kayan gado

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi karatun injiniya a Mosko zamanin Tarayyar Sobiyet, kuma a cikin akwatinsa mun tarar da cokula shida da wani ɗan ƙoƙon azurfa mai siffar kwalekwale da mariƙi ɗaya. Jikinsa duka zanen furanni ne, shuɗi da kore da ja, kowane launi a zagaye da siririyar waya murɗaɗɗiya, sai dai wuri ɗaya kusa da mariƙin ya ɓantare. A gindinsa akwai lamba 84, da kan mace yana duban dama, da 'yar alama mai kusurwa uku, sannan a gefe an buga 11A. Cokulan kuwa tauraro ne a jikinsu da lamba 916. Wani mai sayen azurfa ya ɗora su a sikeli ya yi tayi da nauyi, ya ce narkarwa zai yi. Ƙannena sun ƙosa a raba gado, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Me ke hannunmu, kuma yaya ya kamata mu yi?

Amsar wani dattijo da ya zauna a Rasha:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Kada ka bari ƙoƙon nan ya shiga wuta. Sunansa kovsh, tun da daɗewa Rashawa suke shan abin sha da irinsa, har sarakunansu sukan bayar da shi kyauta ga wanda ya yi musu hidima. Lamba 84 ma'auninsu ne na da mai suna zolotnik, wanda a cikinsa tsantsar azurfa take 96, saboda haka 84 na nufin kashi 875 cikin 1000. Kan macen hatimin hukumar awo ne: daga 1899 zuwa 1908 hagu yake duba, daga 1908 aka juya shi dama, kuma mai kusurwa ukun harafin Girkanci ne da ke nuna Mosko. Idan hatiman na gaskiya ne, an ƙera shi tsakanin 1908 da juyin juya halin 1917.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne 11A. Kafin wannan lokaci manyan gidaje ne suka riƙe sana'ar a Mosko. Pavel Ovchinnikov, wanda aka haifa cikin bautar gandu, ya buɗe masana'antarsa a 1853 har ya zama mai ƙera wa fada kaya. Ivan Khlebnikov ya yi suna a bayansa. Feodor Rückert yana yi wa Fabergé, shahararren gidan ƙera kayan ado na sarakunan Rasha, aiki, kuma sau da yawa hatimin Fabergé ke hawa kan aikin hannunsa. Maria Semenova ta gaji maƙerar mahaifinta ta riƙe ta da kyau. Daga baya ƙwararrun ma'aikata suka riƙa haɗa kai suna kafa ƙungiyoyin kansu da ake kira artel, suna raba riba a tsakaninsu, kuma lamba kawai suke bugawa maimakon suna. 11A alamar ƙungiya ta 11 ce, kuma tana cikin waɗanda suka fi iya irin adon da ke jikin ƙoƙonku. Cokulan kuwa na bayan 1958 ne, lokacin da aka fara buga tauraro mai guduma da lauje. Suna da kyau, amma an yi su da yawa.

Amsar wani maƙerin fari:

Malam, ni da azurfa nake kwana nake tashi, don haka bari in faɗa maka abin da mai sikelin bai faɗa ba. Launin nan ba fenti ba ne, gilashi ne, dangin wanda ke jikin langa, sai dai aikin ba ɗaya ba ne. Maƙeri yakan lanƙwasa waya da hantsaki ya fitar da kowane ganye, ya like ta a jikin azurfa, ya cika gurbin da jiƙaƙƙen garin gilashi, ya gasa. Garin yana shanyewa idan ya narke, sai a ƙara a sake gasawa, wani lokaci sau da dama, kuma kuskure ɗaya a wuta yana iya ɓata aikin makonni. Wanda ya narkar da shi 'yar dunƙulen azurfa kawai zai samu. Kada ka goge shi da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe, kada ka zuba masa ruwan zafi, domin gilashin yana tsagewa. Tsumma mai laushi ya isa, baƙin da ke cikin lunguna ma a bar shi. Wurin da ya ɓantare kada a cike shi da gam.

Amsar wata 'yar'uwa mai harkar kayan tarihi:

Yaya, ina goyon bayan Baba, amma zan ɗan ja birki. Kayan jabu na wannan fanni sun cika kasuwannin duniya, kuma hatimi ya fi komai sauƙin kwaikwayo, musamman na Fabergé. Ka samu madubin ƙara girma ka duba: a aikin ƙwarai wayar tana tafiya daidai, inuwar launi tana sauka a hankali cikin ganye ɗaya, kuma gindin ya ɗan ci saboda shekaru. Cewa ya daɗe a akwatin mahaifinku hujja ce mai amfani, don haka ka adana duk wata takarda ko hoton da ya nuna shi. Ka ɗauki hotunan hatiman a hasken rana, ka rubuta nauyi da tsawo, ka aika wa gidajen gwanjo biyu ko uku da ke da sashen kayan Rasha, domin sukan yi ƙiyasin farko daga hoto. Ɓantarewar za ta rage kuɗinsa, ka shirya wa hakan.

Amsar wani malami:

Ɗan'uwa, hadisin Huzaifa da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana ci da sha a kwanukan zinariya da azurfa, saboda haka kada a sa cokulan nan a abinci. Ta fuskar gado kuwa, tunda kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, ba daidai ba ne a sayar da ƙoƙon a arha alhali ana zaton ya fi haka. A raba sauran dukiya, a jingine wannan da yardar kowa har a san ƙimarsa.

Mai tambaya:

Na gode, Baba, na gode muku duka. Na karanta wa ƙannena amsoshinku kuma sun yarda a dakata. Da na duba da madubi na ga kowane ganye yana da launi uku da suka shige cikin juna. Na naɗe shi cikin auduga na mayar akwatin, gobe insha Allah zan ɗauki hotunan.