Ruger 10/22 tana cije kwanso, daga ina zan fara?

Sabon Maharbi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Bindigar mai cin harsashin .22 LR ce. Hamsin na farko lafiya lau, daga nan sai kwanson harsashi ya fito rabi, sakata (ƙarfen da ke kai-komo yana tura harsashi ciki) ta dawo ta danne shi a tsaye a bakin tagar da kwanso ke fita. Wani lokacin kuma in ja kunama, ƙas, shiru. Na ƙara mata mai amma abin sai gaba yake yi. Sifirin da ke maido da sakata zan sauya?

Maƙeri:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna, man da ka ƙara shi ne rabin ciwon. Wannan bindigar ba ta da bututun gas. Ƙarfin albarushi ne ke tura kwanso baya, kwanson ya tura sakata, sifirin ya maido ta. Ƙarfin kuwa ɗan kaɗan ne, datti kaɗan ya isa ya cinye shi. Ga shi .22 ƙazamin harsashi ne: kansa dalma ce shafe da kaki, toka kuma ba a magana. Su haɗu da mai, sai su zama taɓo.

Cire magazin, wato gidan harsasai, ja sakata, ka leƙa da idonka ka tabbatar babu harsashi a ciki. Kwance sukurun ƙasa da zoben bututu in tana da shi, ka tsayar da maɓallin tsaro a tsakiya, in ba haka ba katakon ba zai fita ba. Fil biyu ke riƙe da rukunin kunama, na uku a baya shi ke tare sakata. Goge mazaunin harsashi da buroshin tagulla da ruwan wankin bindiga har zoben baƙin da ke ciki ya tafi. Sannan ka duba 'yar tsagar da ke gindin bututu ta hannun dama, inda ƙugiyar zaro kwanso ke shiga. Nan kowa ke mantawa. Ƙwaƙule ta da tsinken sakace. Mai ɗigo biyu ko uku ya isa, a sandar sifirin da saman sakata, ka share da tsumma. Hanyar allura, wato ƙarfen da ke bugun gindin harsashi, a bar ta a bushe.

Mai Auna Nisa:
Sabon Maharbi bai faɗi harsashin da yake sa mata ba. Mai nauyin giren 40 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne) irin mai matsakaicin gudu yana yin kusan ƙafa 1,070 a daƙiƙa, harsashin CCI Mini-Mag kuwa 1,235, kuma wannan bambancin kan isa ya kai sakata ƙarshen tafiyarta. Gwada kwali ɗaya na Mini-Mag bayan wankin.

Batun ƙas ɗin: bar bakin bindiga yana kallon inda ake harbi, ka jira daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Sai ka dubi gefen gindin harsashin. In allura ta lotsa shi sosai, laifin harsashi ne, maganin kunna wutar bai zagaye gefen ba. In tabon sama-sama ne, ko hanyar allura ta toshe, ko sakata ba ta rufe ruf ba.

Tsohon Hannu:
Duk daidai ne, sai dai an bar magazin a baya. Mai juyawar nan mai cin 10, leɓenta na hagu ma yana aikin cilla kwanso waje, don haka in ta yi datti ko tana lilo a mazauninta, cijewar za ta dawo. In kana da fiye da ɗaya, rubuta lamba a gindin kowacce, ka ga ko guda ɗaya ce ke kawo rigimar. Mai kada ya kusance ta sam.

Ƙugiya kuma ga gwajinta: sakata na hannunka, saƙala kwanson da aka riga aka harba a ƙarƙashinta ka ɗan girgiza. In ya faɗi, haƙorin ya dakushe, sauya ta tare da ɗan sifirinta. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa kana gwadawa. Cikin rukunin kunama dai kada ka kai masa zarto, aikin maƙerin bindiga ne.