Me ya sa GCC ta fi ƙara sauri a Intel fiye da Raspberry Pi?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na harhaɗa manhajar da na rubuta da yaren C da GCC (manhajar da ke mayar da rubutun shiri zuwa umarnin na'ura), zaɓin -O3 (na ƙara sauri) da -march=native (na daidaita manhaja da masarrafin kwamfutar da ake kai) suka ƙara mata sauri sosai a masarrafin Intel Core i7, amma a ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 bambancin kaɗan ne. Mene ne dalili?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Zaɓin -march=native ne ya buɗe AVX2, rukunin umarni na masarrafin Intel, wadda ke sarrafa bit 256 da umarni ɗaya, alhali NEON, takwararta a masarrafin ARM da ke cikin Raspberry Pi, iyakarta bit 128, kuma a tsarin bit 64 GCC tana amfani da NEON tun kafin ka ƙara wannan zaɓin.

Amsa ta biyu: Haka ne Malam, sai dai idan jiran bayanai daga RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta) ne ke cinye lokacin manhajar, faɗin umarni ba zai taimaka ba, don haka ka fara aunawa da perf, manhajar auna aikin masarrafi, tukuna.